Gawar da ke Gidan Han'a

A unguwarmu ta Tozai ba a zuba iri sai Baba ya sari ƙasa. Haka na buɗe ido na gani. Baba shi ne Malam Lauwali, mai lissafin taurarin noma, abin da ya gada daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. A wurinsa sama gidaje ce ashirin da takwas a jere, rana tana sauka a kowane gida ta yi 'yan kwanakinta ta wuce, kuma kowane gida da sunansa da halinsa. Damina na kawo kai za ka ga dattawa sun cika zaure suna tambayar wane tauraro ake ciki. Ya ce Haƙ'a ce, a dakata, ruwanta bai cika alkawari ba. Ko ya ce Han'a ta shiga, in an samu ruwa mai nauyi a shuka. Ranar da ya yarda, sai a kama masa hannu, don yanar ido ta rufe masa gani, a kai shi gonarsa ta bakin gari. Ya ɗaga sungumi, wannan doguwar fartanya ta saran ramin shuka, ya yi sara ɗaya da bisimilla. Daga nan kowa ya watse zuwa gonarsa.

Samari masu waya da rediyo sun daɗe da daina jiransa, kuma bai taɓa ce musu uffan ba. Amma maigidana, wanda mutane ke kira Ibrahima, ko za a yanka shi ba zai riga surukinsa zuba iri ba. Ni Sadiƙa, babbar 'yar Malam, na sha yi masa tsiya a kan wannan kunyar tasa, har na gaji na bari.

Bana kuwa abin ba na tsiya ba ne. Bara 'yan bindiga suka shigo suka cinna wa rumbuna wuta, namu har da shi. Abin da ya tsira mana dami ɗaya ne na gero da na rataye a rufin ɗakin girki. Mun ci garin rogo, mun ci tafasa da ƙuli-ƙuli, yara sun yi ta kallon damin nan, ban bari an taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Da kaina na sussuke shi na sheƙe, bai ma cika ƙaramin buhu ba. In muka zuba shi a kan ruwan ƙarya tsiron ya ƙone, babu na biyu. In muka yi jinkiri damina ta wuce mu, shi ma duk ɗaya ne.

Ana cikin wannan zaman ne ƙanwata Ruƙayyatu ta sauka daga kan kabu-kabu daga garin Isa, jakar kwamfuta a rungume kamar jariri. Ita ce autarmu, tana karatu mai zurfi a jami'a can Sakkwato, kuma karatun nata na sararin sama ne. Yarinyar da har gobe ba ta iya tuƙa tuwo babu gudaji ba, amma tambaye ta nauyin tauraro yanzu ta faɗa maka. Ina sonta, ina kuma jin haushinta, yawanci a lokaci guda.

Washegari da hantsi na je gida gaishe da Baba, na tarar da su a inuwar dogonyaro. Ta buɗe kwamfutar a cinyarta, tana ta rawar jiki.

"Baba, wurin da nika bincike cikin gidan Han'a shike," in ji ta. "Don kai niz zaɓe shi."

"Han'a tawa?" Baba ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. "To mi kig gani can, Auta?"

"Wani tauraro na, babba, ya hi rana nesa ba kusa ba. Ya ci wutatai har ta ƙare, sai yah hwashe. Abin da yar rage nai shi nika karatu."

Na leƙa ta kafaɗarta. Wani abu ne ja-ja a cikin baƙi, zagayayye, gefe ɗaya a yage, kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Na ce tubarkalla, don ban san abin da ake cewa ba.

Baba bai ce tubarkalla ba. Murmushin ya tafi a hankali.

"Taurari na mutuwa?"

"Dukkansu, Baba. Kowane da ajalinai. Har rana wata rana."

Da fara'arta ta faɗa, kamar mai kawo albishir. Baba ya ce a ba shi buta, alhali azahar da sauranta.

Da asubar ranar da ta biyo baya aka saki ruwa, irin wanda ake roƙo. Ya sauka da nauyinsa, ya jiƙa ƙasa har ƙasa, gari ya ɗauki ƙamshi. Kafin rana ta fito dattawa sun cika zaure, maigidana yana tsugune a bakin ƙofa da buhunsa a gefe. Aka jira. Aka aika ciki, aka ce Malam yana lazimi. Rana ta take, aka sake aikawa, aka ce Malam ya ce a yi haƙuri. Wasu suka saɓa sungumi suka tafi abinsu suna gunaguni. Maigidana ya dawo gida da buhun, ya ajiye shi inda ya ɗauko, bai ci abinci ba.

Kashegari da safe na bi ta gonarmu, wadda ke jikin ta Baba, na tura yatsa cikin ƙasa. Saman ƙasar ya fara bushewa, laimar tana gudu ƙasa. Tsoro ya kama ni, sai kuma ya juye ya zama fushi, don ni haka nake. Ban koma gida ba, na wuce kai tsaye ɗakin Baba.

Yana zaune a kan buzu, tasbaha a hannu amma ba ya ja.

"Baba, ƙasa na shanye ruwanta. Mutane na jira."

"Zamna, Sadiƙa."

Na zauna, ba don ina so ba.

"Rumbu yaƙ ƙone, nic ce ƙaddara ta," in ji shi. "Maƙwabta sunka tashi, wasu Isa, wasu Sabon Birni, wasu har Maraɗi, nic ce ƙaddara ta. Ruwa yac canza hali. Duk ina ce ma kaina, ai ƙasa ta, ƙasa ba ta da alkawali. Amma sama na nan yadda anka kahwa ta, da ita nika auna ma mutane. Yanzu ɗiyata, wadda ba ta taɓa yi mani ƙarya ba, ta ce mudun ma shina tsagewa. To da wane baki za ni ce ma mijinki shi turbuɗe abin da yar rage mai?"

 Na taɓa ganin Baba cikin baƙin ciki, amma ban taɓa ganinsa cikin shakka ba, kuma abin ya girgiza ni. Na tashi na je ɗakin Inna, na finciko Ruƙayyatu ta hannu.

"Ke kik kwance shi, ke za ki ɗaure shi," na ce mata. "Da kwamhutarki da komi."

"Yaya, ni gaskiya kawai nih hwaɗi."

"To je ki ƙarasa ta. Rabin gaskiya kib ba shi."

Ni kaina ban san ko akwai sauran rabin ba. Na dai faɗa ne.

Ta durƙusa a gaban Baba, ta fara bayani. Ta ce taurarin da yake lissafi da su suna nan lafiya lau, babu abin da ya same su. Wanda ya fashe wani ne daban, can bayansu, nesa ƙwarai, har haske kansa sai ya yi dubban shekaru a hanya kafin ya iso mana daga can. Ta ce ba jiya ya mutu ba, tun ba a san da Gobir ba, tun ba a haƙa rijiyar farko a ƙasar nan ba.

Baba ya gyaɗa kai.

"Ashe kakana ma da gawa cikin gida yaka ce ma mutane su shuka, bai sani ba."

Na kai hannu na mintsini cinyarta. Ta zo gyara ta ƙara ɓatawa.  Na fara lissafin yadda zan koma in gaya wa maigidana ya shuka ko da izini ko babu, alhali na san ba zai yi ba.

Amma Baba malami ne, kuma malami ba ya iya haɗiye tambaya ko da ransa a ɓace yake. Can sai ya ɗago.

"In tun wancan zamani yam mutu, mi kika bincike? Gawa ruɓewa takan yi, a manta."

"Shi bai bar aiki ba, Baba."

"Kamar ƙaƙa?"

Nan fa bakinta ya buɗe. Zan faɗa yadda na fahimta, in na yi kuskure laifina ne ba nata ba. Ta ce lokacin da tauraron ya fashe, ya watsa jikinsa ta ko'ina, kuma wannan bangon wuta har yau gudu yake, dubban shekaru bai tsaya ba. A bakin bangon akwai wasu ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ƙwayar gero dutse ce a kansu. Bangon yana kama su, yana jefa su gaba, su dawo, ya sake jefawa, kowane jifa yana ƙara musu gudu, har su kusa kamo gudun haske. Daga nan su kuɓuce su shiga yawo cikin sarari.

Ta ce fiye da shekara ɗari masana sun san irin waɗannan ƙwayoyi suna faɗo wa duniya ta kowace kusurwa, amma ba su san gidansu ba. Sarari cike yake da maganaɗisu mai karkatar musu da hanya, sai wanda ya taso daga gabas ya iso ta yamma, ba ka iya bin sawunsa ka koma inda ya fito. An daɗe ana zargin gawarwakin taurari ne ke turo su, amma babu shaida.

"To ina shaidar taf fito?" in ji Baba. Na lura ya ajiye tasbahar.

Ta ce kusa da wannan mamacin na gidan Han'a akwai wani gajimare mai kauri na iskar sarari. Ƙwayoyin da suka kuɓuce suna karo da shi, karon yana haifar da wani haske da ake kira gama a Turance. Ido ba ya ganinsa, kuma ya fi wanda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi wannan hasken maganaɗisu ba ya iya karkatar da shi, miƙe yake tafiya. Iskar duniya tana tare shi, don haka aka ɗora na'ura a kan tauraron ɗan'adam, can sama da iska, ta yi shekaru tana tattara shi kaɗan-kaɗan. Da aka duba, sai aka ga kamanninsa na irin wanda wannan karon ke haifarwa ne.

"Ba mu ga maƙerin ba, Baba, amma mun ga tartsatsin, mun san inda maƙera take. Aikina in gano iyakar ƙarhin da maƙerar nan taka iya ba su, don akwai waɗanda ƙarhinsu yay yi yawa, har yanzu ba a san mai jeho su ba."

Baba ya karkato kunne wajenta.

"Ƙwayoyin nan, suna zuwa nan? Tozai?"

"Suna bugun iskar sama su hwarhwashe, ɓurɓushinsu shi zubo. Shina ratsa ruhin ɗaki, shi ratsa mutum, shi shige ƙasa. Ba a ji."

"Yaushe?"

"Ko yaushe, Baba. Yanzu ma."

Ya miƙo hannu cikin iska.

"Kama ni. Ku kai ni gona."

Ban san yadda labari ya riga mu fita ba, amma kafin mu wuce masallaci dattawa sun biyo bayanmu. Wani ya ɗauko sungumin Baba. Maigidana yana can ƙarshe da buhunsa a kafaɗa, kansa a ƙasa, kamar mai tsoron kada sa rai ya ɓata abin. Ruƙayyatu na riƙe da hannun Baba na dama, ni na hagu, muna tafiya da saurinsa, wanda ba sauri ba ne.

Rana tana tsaka lokacin da muka isa, ta ɗan karkata arewa yadda take yi a wannan lokacin, inuwar kowa ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa. Sama wasai, babu ko ɗigon hadari. Baba ya tsaya a tsakiyar gona ya saki hannuwanmu.

"Ina mamacin shike, Auta?"

"Bisa kanka, Baba. Rana na cikin gidan, shi ko shina can bayanta, nesa."

Ya rufe ido ya ɗaga fuska, hasken ya kwanta a kan gemunsa. Sai ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

"Ai haka na. Tauraron da aka ciki ba a ganinai, rana ta ruhe shi. Tun ina yaro nika kiran sunan Han'a da damina, ban taɓa ganinta ba ranar da nika kiranta."

Sannan ya buɗe tafin hannunsa, ya miƙa shi gaba, a shimfiɗe.

"Nan ma?"

"Nan ma. Kusan duk bugun zuciyarka, guda na ratsa tahin hannunka."

"Daga wanga na gidan Han'a?"

"Ban iya rantsuwa, Baba. Wanda yat taɓa ka yanzu ya daɗe bisa hanya, watakila miliyoyin shekaru. Mai yiwuwa daga wani yah hito wanda yam mutu tun kahin wanga, wanda ko gawatai ba ta saura ba."

 Hannun Baba yana nan a buɗe, da jijiyoyinsa da tabon tawada na shekaru a yatsu. Ni ma sai na ga na zaro hannuna daga cikin hijabi na buɗe. Ban ji komai ba, sai zafin rana. Amma tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa. Wani abu ya baro gidansa tun babu mutum a bayan ƙasa, ya yi ta yawo cikin duhu ba ci ba sha, ya wuce duk abin da zai wuce, sai ya zo ya bi ta hannuna, ni Sadiƙa mai kanta a tafi saboda daka, ya shige ƙasar gonarmu. Ga wani kuma. Ga wani. Na ji tsoro, na ji daɗi, na ji na ƙanƙance har ban kai ƙwayar gero ba, kuma a lokaci guda na ji ba a manta da ni ba.

Da na waiwaya, dattawan nan duk sun buɗe hannuwa, ɗaya bayan ɗaya, har da Malam Abu mai gardama wanda ko an ce masa ga wata sai ya ce a kawo shaida. Wanda ya hango mu daga hanya zai rantse roƙon ruwa muke yi.

"Allahu Akbar," in ji Baba. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. "Mamaci, kuma saƙonai bai yanke ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda yay yi wanga."

Mun daɗe a haka. Ni ce na fara dawowa hayyacina, don na ji ƙasa tana zafi a ƙarƙashin takalmina, na tuna da laima. Na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya riga ni.

"Auta, na'urarku ta hwaɗa muku ko ruwa za shi ɗore bana?"

"A'a, Baba. Ba ta san wanga ba."

"To."

Ya nemi sungumi aka sa masa a hannu. Ya juya wajen da yake jin numfashin mutane.

"Jama'a, Han'a ta shiga, lokacin shuka ya yi. Wanga na sani. Ko ruwa za shi ɗore, ban sani ba. Ban taɓa sani ba, ubana ma bai sani ba. Na ɗauka sama ba ta motsi, shi as sa nika yi muku magana da ƙarhi. Ashe ita ma tahiya takai, awa mu, hannun Mai ita. Wanda za shi shuka, shi shuka bisa wanga."

Ya yi bisimilla, ya ɗaga sungumin, ya sara. Ƙasa ta buɗe, cikinta baƙi, da sauran danshi.

Kowace shekara da an ji wannan saran ake watsewa da gudu. Ranar nan babu wanda ya motsa. Ba su saba jin Malam ya ce bai sani ba, kuma na ga yadda maganar ta zauna musu a ƙirji. A hankali idanu suka koma kan maigidana, don kowa ya san abin da ke cikin buhun nan shi ne na ƙarshe, kuma kowa ya san yawan bakin da ke gidanmu.

Ya sauke buhun. Ya kwance bakinsa a hankali. Sai ya ɗago ya dube ni, a gaban surukinsa, a gaban dattawan unguwa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kai ni gidansa. Tambayata yake yi da ido. Ni na hana yara wannan geron, ni na ji kukansu.

 Na taka na isa wurinsa, na cusa hannu cikin buhun. Irin yana da sanyi. Na ɗebo, na buɗe tafina a rana, na tsaya kaɗan ina kallon 'yan ƙwayoyin nan.

"Sara, maigida," na ce.

Ya karɓi sungumi, ya tsallaka iyakar gonarmu, ya sara. Na zuba, na take da diddige, na bi shi zuwa rami na gaba.